Jar Akuyar Rabi da Baƙar Ƙasar Tanimu

"Kai, wancan ba Tanimu ba ne bisa kabu-kabu?"

"Shi ne. Mi ya rungumo haka kamar jariri?"

"Akuya ce."

"Akuya da zane? Har da lulluɓi?"

"To ka gani dai. Baƙa ƙirin kuwa, na ga ƙafarta."

"Gidan Tanimu babu baƙar akuya. Ja ce, ta furoje, yau ma za a miƙa ta Tsibiri."

"In Tsibiri za shi, mi ya kai shi hanyar Jiratawa? Ko Tsibirin anka matsar ba mu ji ba?"

"Ƙaro mini shayi, malam. Yau akwai labari garin nan."

Masu shan shayin bakin gudoro, wato titin kwalta, a Sabon Garin Maradi ba gizo idonsu ya yi musu ba. Tanimu ne, akuya ce a cinyarsa, Tsibiri kuma tana nan inda Allah ya ajiye ta. Sai dai ba a gane abin da ya juya kan kabu-kabun nan kudu, alhali a arewa ake jiransa, sai an san wane ne Tanimu, da abin da ya rataye a ɗakin ajiyarsa shekara da shekaru.

A Jiratawa aka haife shi. Ya buɗe ido ya tarar da ubansa yana noman hatsi da damina, da rani kuma a zauna gindin itacen bedi ana tufkar igiya ana jiran sama. Yana yaro furoje, wato shirin tallafa wa mutanen karkara, ya zo, aka haƙa rijiyoyi, aka kafa injuna, aka zuba kanal na siminti, aka yanka fadama farsal-farsal, kowane magidanci da tasa. Ruwa kuwa da juyi ake ba da shi. In juyin wane ne, ruwan kanal nasa ne shi kaɗai har lokacinsa ya cika, sannan a toshe masa a buɗe wa na gaba. Tanimu ya gaji farsal ɗin ubansa can ƙarshen kanal, inda ruwa ke isowa a gajiye, ya cika ta da zogale da tattasai. Da yake shi ne na ƙarshe, babu wanda ya kai shi ƙin ɓarawon ruwa. Shi ya tsaya a taron ƙungiyar manoma yana dukan ƙirji har aka kafa doka cewa wanda ya ɗebi ruwa a juyin wani, ko cikin guga ne, ko cikin gwangwani, a ci shi tara. Wanda dokar ta fara kamawa kuwa taubashinsa ne, Idirisa, ɗan kawunsa, mai farsal ta kusa da bakin kanal. Idirisa ya biya yana dariya, ya ce, "Bawana, na ajiye maka."

Tanimu ya auri Rabi, Bagobirar Tsibiri, mace mai saurin hannu da saurin baki. Ita ta ce zogalen da yake sayar wa 'yan sari ɗanye, in ta dafa shi ta kwaɗa da ƙuli a birni sai ya fi daraja. Haka suka koma Sabon Gari, shi yana bin hanyar Jiratawa kullum safiya, ita tana cika unguwa da ƙamshin kwaɗo.

Wata shekara furoje ya ce zai kai manoma su ga yadda ake lambu a wasu wurare. Aka ce ƙasar Abzin za a je, can bayan Agadas, a hau Dutsen Bagazam. Shugaban ƙungiya da ya ji cewa da ƙafa ake hawa ana bin bayan jakai, nan take gwiwarsa ta tuna masa da wani tsohon ciwo. Aka waiga neman madadi, aka ga Tanimu ya riga ya ɗaga hannu biyu.

Abin da ya gani can, har yau bai gama faɗarsa ba. Dankalin turawa kamar kan jariri. Awakin Buzaye suna kiwo tsakanin baƙaƙen duwatsu, hantsa tana neman taɓa ƙasa. A wani kwari aka kai su lambu mai baƙar ƙasa, lallausa kamar kwalli. Injiniyan da ya raka su ya ce tun zamanin da babu mai tunawa duwatsun wurin suka yi aman wuta, tokar ta huce, ta daɗe, ta zama wannan ƙasa, shi ya sa take da ƙarfi haka.

Tanimu ya durƙusa ya damƙa, ya shinshina, ya ɗan lasa.

"Wato, ranka ya daɗe, wagga ƙasa dafa ta anka yi?"

Injiniya ya ce kusan haka ne.

"Shi ke nan! Na gano. Mu tamu ɗanya ce, shi ya sa muke wahala."

Abokan tafiya suka sayi dabino da cuku da tafarnuwa tsaraba. Tanimu ya roƙi mai lambun ya cika masa buhu da ƙasa. Jaki ya ƙi ɗauka, sai da aka rage rabi. A cikin kamyo, babbar motar da ta kwaso su, buhun ya huje, ya yi ta tsiyaya yana yi wa hamada sadaka. A wani shinge jandarma ya ga yadda yake ƙanƙame da shi, ya zaci zinariya ce, ya tura hannu har gwiwar hannu, ya fito da shi baƙi wuluk, ya dubi Tanimu ya ce, "Baba, ƙasa ta ƙare a Maradi?" Abin da ya iso gida bai wuce cikin ƙwarya ba. Ya juye shi a wani tsohon buhun dusa, ya ɗaure, ya rataye a azarar ɗakin ajiya.

Bai taɓa zuba ko tsinke a farsal ɗinsa ba. Da rani ya ce rana za ta ƙone ta. Da damina ya ce ruwa zai tafi da ita gonar wani. In an matsa masa ya ce ranar ba ta zo ba, kuma shi zai gane ta in ta zo. Amma duk baƙon da ya shigo gidan, ko barkar suna ya zo, ko bikon bashin gishiri, sai an sauko da buhu an kwance masa ya leƙa. Tun ana ce masa Tanimu mai zogale har aka koma Na-Bagazam. Idirisa ya roƙi ɗan abin da yatsa biyu za su ɗauka, ya roƙa ranar salla, ya roƙa ranar auren Rahma ɗiyar Tanimu, bai samu ba. Maganar gaskiya, muddin buhun nan yana rataye, Tanimu mutum ne da ya hau Bagazam. Ranar da ya zuba ta kuwa, ya koma mai zogale kamar kowa.

Ita Rabi ba ta bar ƙungiyar matan garinsu ba ko da ta zo birni. Da furoje ya kawo musu jajayen awaki na habbanaye, sunanta ya fito. Habbanaye aron akuya ne: ki riƙe ta, ta haihu, in 'ya'yan sun isa yaye su zama naki, uwar kuma ki miƙa ta ga ta bayanki a gaban jama'a, lafiya lau, ita ɗin dai da aka ba ki. Kuma ba kowace akuya ba ce, jar akuyar Maradi ce, wadda ake alfahari da fatarta, mai haihuwar tagwaye. An taɓa samun wata da ta sayar da tata ta kawo wata rodi-rodi a madadi. Har yau in za ta wuce bakin rijiya sai wani ya yi kukan akuya.

Rabi ta sa wa tata Gimbiya. Gimbiya ta haifi tagwaye, suka yi ɓul-ɓul, ranar miƙawa ta zo. Wadda ke bin layi kuwa Ruhama ce, matar Malam Yo'el mai koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ƙawar Rabi tun suna tallar gyaɗa, ɗaya ta tafi makarantar allo ɗaya ta tafi majami'a, su haɗu a kasuwa.

Da sassafe Rabi ta yi wa Gimbiya wanka, ta shafe ta da man gyaɗa tun daga ƙaho har wutsiya, ta koma tana sheƙi kamar sabuwar tasa. Ta kai ta ɗakin ajiya ta ɗaure don kada ƙura ta taɓa ta.

"Baban Rahma, ni na yi gaba, akwai girkin taro. In hantsi ya yi ka kira Shamsu ya kawo ku. Abu guda na sa ka. Guda!"

"Haba Rabi. Mutumin da ya sauko da buhu daga Bagazam, akuya ce za ta gagare shi?"

Gimbiya ta ɗaga kai ta ji ƙamshin dusa a sama. Akwai turmi a kife kusa da ita. Sauran bayani sai akuya.

Da hantsi Tanimu ya tura ƙofa yana 'yar waƙarsa, sai ya ga wata baƙar dabba tsaye a kan turmi, ido jajir, tana taunar guntun buhu. Ya ja da baya ya yi a'uzubillahi. Dabbar ta ce "mee" da muryar Gimbiya. Ya dubi azara, igiya ce kawai ke lilo. Buhun ya fashe a kanta, ƙasar nan mai laushin kwalli ta bi man gyaɗa ta manne, ba ta bar ko tafin hannu na ja ba. Wadda ta zuba ƙasa kuma Gimbiya ta lashe abin da ta lasa, saura ta tattake da fitsari.

Shamsu mai kabu-kabu ya shigo ya same shi zaune dirshan.

"Kawu, lahiya? Ina jar?"

"Ga ta nan."

Shamsu ya duba, ya sake dubawa, ya dafe bango don kada dariya ta kayar da shi. "To ai da sauƙi. Ga randa, ga sabulu. Mu wanke ta mu kama hanya."

"A wanke ta ina? Nan? Ƙasar Bagazam ta bi kwata ta tahi rariyar Sabon Gari? Kana da hankali?" Tanimu ya miƙe, idonsa ya kawo wani haske. "Shamsu, ranar ce ta zo! Na ce zan gane ta. Jiratawa za mu. A tsakiyar farsal ɗina za a yi wankan nan, kowane ɗigo ya sauka gindin zogalena."

"Kawu, Tsibiri tana can, Jiratawa tana can."

"Babur gare ka ko jaki?"

Ya ɗauko zanen Rabi ya naɗe akuya tsaf, har kai, don kada iska ta sace masa ko ƙwaya. Haka masu shayi suka gan su.

Hanya ba ta yi musu da daɗi ba. Gimbiya ba ta saba lulluɓi ba, ta yi ta harbi tana kuka. Wata tsohuwa a bakin hanya ta ɗaga hannu ta ce Allah ya ba marar lafiya sauƙi. Duk ramin da Shamsu ya faɗa sai Tanimu ya yi ihu, "A hankali, tana zuba!" Kafin su ga koren Jiratawa farar rigarsa ta zama ta maƙeri.

Suna isa ya ji ƙarar ruwa a kanal, ransa ya yi fari. Ya bi ruwan da ido, ya ga inda ya karkata. Farsal ɗin Idirisa. Ga Idirisan nan tsaye da hauya, wando a naɗe. Cikin ruɗewa Tanimu ya manta cewa yau juyinsa sai bayan la'asar.

"A'a! Bawana Na-Bagazam! Amarya ka kawo mini gaisuwa?"

Tanimu ya yaye zane. Maƙwabtan farsal suka ajiye aiki suka matso. Shamsu ya ba da labari, bai rage ba, ya ma ƙara gishiri. Idirisa ya zauna bakin kanal yana share hawaye.

"Idi, guga biyu kawai. In kai farsal ɗina in wanke ta."

"Guga? A juyina? Jama'a, ku tuna mini, wa ya ce ko cikin gwangwani?"

"Na-Bagazam!" suka amsa baki ɗaya, kamar 'yan amshi.

"Ni ba marowaci ba ne," in ji Idirisa. "Ruwana ga shi, kyauta, har sabulu ina da shi. Amma ruwan juyina ba ya fita farsal ɗina. Doka ce, kuma wani babban mutum ya kafa ta. In wanka za ta yi, bismilla, ga gindin zogalena. In kuwa naka kake so, ga inuwa, zauna ka jira la'asar."

"Jira zan yi!"

Ya nemi gindin mangwaro ya zauna, ya rungume akuyarsa. Bai gama gyara zama ba salula ta yi kuka a aljihunsa. Muryar Rabi ta fito har na nesa suna ji.

"Baban Rahma, kuna ina?"

"Muna... hanya."

"Wace hanya ce mai kukan injin ruwa? Madam ta furoje ta iso, mata sun cika, an shimfiɗa tabarmi. Kowa ta miƙa tata, saura ni." Sai muryar ta sauka, abin da Tanimu bai saba ji ba. "Sun fara ƙus-ƙus. Wata ta ce ai akuyar birni ba ta dawowa. Ruhama ce kaɗai ke cewa a yi haƙuri, ta san ni. Madam ta ce da azahar za ta tashi. Don Allah kada ka sa a yi mini kukan akuya a garinmu."

Salula ta mutu.

Tanimu ya dubi Gimbiya. Ya shafa bayanta, tafinsa ya yi baƙi, ya kai hanci ya shinshina. Dutsen nan ya dawo masa gaba ɗaya, da sanyinsa, da jakin da ya ƙi tafiya. Ya dubi rana, ta kusa tsakiya. Ya miƙe.

"Idi, kawo sabulun."

Abin da ya biyo baya, mutanen Jiratawa sun ce ko kokawar bayan girbi ba ta kai shi ba. Shamsu ya riƙe ƙaho, Tanimu ya kama ƙafafun baya, Idirisa yana kwarara ruwa yana kirari, "Sannu da zuwa, ƙasar Abzin! Shigo, gidanki ne!" Gimbiya ta kuɓuce ta faɗa cikin zogale, aka bi ta, ta tunkuyi Shamsu ya zauna cikin laka, aka kamo ta, aka sake saɓa ta. Baƙin ruwa yana gangarowa daga jikinta, yana bin kunya-kunya, yana shigewa gindin zogalen Idirisa ɗaya bayan ɗaya. Tanimu yana cuɗa yana bin sa da ido.

"Wancan na kwarin ne," yake faɗa. "Wancan shi jandarma ya taɓa."

"Cuɗa da kyau, bawana, akwai saura a wutsiya!"

A hankali ja ya fara leƙowa, a wuya, a gadon baya, har Gimbiya ta fito sak yadda uwarta ta haife ta. Wata mai tsinkar zogale ta rangaɗa guɗa. Idirisa ya cire rawaninsa ya tsane ta da shi, ya cusa wa Shamsu damin zogale ya ce a kai wa Rabi, tukuicin taki.

Suka juyo. Suka ratsa Maradi daga wannan baki zuwa wancan, masu shayi suka ga kabu-kabun ɗazu ya wuce kamar an harbo shi.

"Kai! Yanzu kuma ja ce!"

"Ni na daina shan shayin nan."

Ladan yana gyara murya suka shiga Tsibiri. Direban madam ya riga ya tada mota. Shamsu ya danna oda tun daga nesa, mata suka dare, ya tsaya a tsakiyar fili. Tanimu ya sauko, laka har gira, riga ba a magana, ya ajiye Gimbiya a kan tabarma. Ta girgiza jiki, rana ta daki fatarta, ta yi wani ja kamar garwashi.

Guɗa ta tashi. Madam ta sauko ta duba haƙori, ta duba alamar kunne, ta ce ita ce, kuma duk cikin awakin yau babu mai tsabtarta. Rabi ta kama igiya ta danƙa a hannun Ruhama, suka rungume juna. Sannan ta juyo ta dubi mijinta sama da ƙasa, ta dubi zanenta da ya zama tsumman tukunya.

"Baban Rahma, mi ya same ka?"

"Buhun ne. Ta fasa shi."

Rabi ta san abin da buhun nan yake a wurinsa. "Duka?"

"Yana gindin zogalen Idi."

Ta kai gefen mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, shi kansa bai san dariya ce ko kuka ba, ita ma da ƙyar in ta sani. Ta jawo shi inuwa ta aje masa kwanon tuwo, ta tsamo masa tsokar da ta fi kowace girma.

Ya kai loma ta fari ke nan, Gimbiya da ke ɗaure kusa da Ruhama ta ɗaga wutsiya ta zubo abin da awaki ke zubowa. Tanimu ya tsaya da tauna. Ya ƙura ido. Ya tashi ya je ya durƙusa, ya ɗauki ɗaya ya murza, ya ɗaga shi sama yana dubawa a hasken rana. Ko dai idonsa ne, ko kuwa ya fi na kullum baƙi. Ai ta lasa! Da idonsa ya ga bakinta. Akwai sauran Bagazam a duniya, yana cikin cikin akuyar nan.

Ya cire hularsa ya tattara su ciki tsaf, mata suna kallonsa, Rabi tana cewa "Na shiga uku, ya fara." Ya matsa gaban Ruhama ya rage murya, amma duk filin ya ji.

"Malama Ruhama, akuya taki ce, halak malak, Allah ya sa ta haifa miki tagwaye. Abu guda nake roƙo. Don girman Allah, duk takin da za ta yi kwanakin nan kada ki share, kada ki ba kowa, ko Idirisa ya zo da kuka. Ki tara mini a ƙwarya, ni zan zo da kaina in ɗauka."